Agogon Kara Ɗaya Mai Faci

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya tona min asiri. Duk karan sigarin da mutumin nan ya zuƙa cikin shekara ashirin da shida, daga hannuna ya fito. Shagona na kayan masarufi yana manne da rumfarsa ta faci a bakin titi, bango ɗaya muke jingina da shi. Kullum da safe kafin in gama ɗage ƙofa yana tsaye, tumbi a gaba, hannu a miƙe. Ba ya magana, ni ma ba na tambaya. Kwali biyu nake ɗora masa a tafin hannu, in ce Allah ya ba da sa'a.

Kowa a titinmu Kara Ɗaya yake ce masa, har matarsa idan ta so tsokana. Asalin abin kuwa shi ne, in ka turo babur ka ce, "Malam, minti nawa zan jira?" sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kara ɗaya." Tayar ƙaramar mota kara ɗaya da rabi ce. Ta babbar mota kara biyu da rabi, ba ragi.

Ba ba'a yake yi ba, sigarin ce agogonsa. Facin wuta yake yi, ba irin na gam da ake liƙawa a tashi ba. Zai zaro tiyub, wato robar nan ta cikin taya mai riƙe iska, ya hura ta, ya tsoma a bahon ruwa har kumfa ta nuna masa inda hujin yake. Ya kankare wurin da magagari, ya yanko ɗanyen roba ya ɗora, ya danne da wani tsohon fistin na mota a cikin matsi na ƙarfe. Daga nan ya tsiyaya kananzir a cikin fistin ɗin ya ƙyasta ashana. Ashanar nan guda aiki biyu take yi, ta kunna fistin, ta hau sama ta kunna sigari. Da wutar sigarin ta iso yatsunsa sai ya kife fistin da murfin gwangwani, ya kwance matsi, faci ya nuna. In aka yi gaggawar kwancewa, robar ɗanya ce, za ta ɓare a hanya. In aka makara, tiyub ya ƙone ya tsage. Tsakanin biyun nan ɗan taƙi ne ƙwarai, kuma a nan mutumina ya yi suna. Direbobi sukan wuce masu faci goma su zo wurinsa, don an san tayar takan mutu ta bar facinsa da rai.

Yakan ba ni labarin tsohon da ya koya masa aikin. Wai shi ba ya duba komai, sunkuyawa kawai yake yi a kan wutar ya ce, "Ya nuna." Kara Ɗaya yakan yi dariya ya ce, "Burga ce irin ta tsofaffi. Shekara huɗu ina sunkuyawa tare da shi ban ga komai ba. Ni da kaina na ƙirƙiro agogona."

Wata Talata da hantsi agogon ya nemi kashe mai shi. Dogo, wani direban babbar mota da ya shekara goma sha biyar yana kawo masa aiki, ya kawo taya. Kara Ɗaya yana cikin banƙare ta da ƙarfe sai na ga ya saki ƙarfen ya zauna daɓas a kan tayar.

"Mai shago," ya ce da ni, "wani ya zauna min a ƙirji."

Na buɗe baki zan ce wa ya isa ya hau wannan dutsen, sai na dubi fuskarsa. Ta koma kalar toka, gumi yana zuba kamar an kwara masa ruwa, hannun dama yana dafe da kafaɗar hagu. Ya ce in miƙo masa kara ɗaya ko abin zai sake shi. Ni kuma don tsabar wauta har na juya zan ɗauko! Dogo ne ya daka min tsawa, ya faɗa tsakiyar titi ya tare wata mota. Mu huɗu muka cicciɓe shi, kuma wallahi sai da ƙugu ya yi min ciwo kwana uku.

Na ji tsoro ranar, tsoron da ban taɓa ji ba. Ina zaune a bencin asibiti ina kallon hannuna, wannan hannun da ke miƙa kwali biyu kullum, na rasa inda zan sa shi.

Allah ya sa da sauran kwana. Bayan kwana biyu aka bar mu muka shiga, ni da matarsa, Maman 'Yan Biyu. Likitar wata 'yar siririya ce, da ƙyar ta girmi 'ya'yansa, amma bakinta ba ya rawa.

"Baba," ta ce, "jijiyar da ke kai wa zuciyarka jini ce ta toshe. Mun samu mun buɗe ta, amma ba kullum ake samun haka ba. Nauyinka kilo ɗari da goma sha huɗu ne, dole ya sauka. Ga magunguna, ba fashi. Za ka riƙa tafiya a ƙasa kullum, kaɗan-kaɗan kana ƙarawa. Sigari kuwa, ko ɗaya."

Yana kwance da robobi a hanci, amma sai da ya yunƙura. "Likita, ai ni ba sha nake yi ba. Aiki nake yi da ita."

"To ka sallame ta daga aikin, Baba."

Na yi dariya har sai da wata ma'aikaciyar jinya ta harare ni. Maman 'Yan Biyu ba ta yi dariya ba. Washegari ta zo shagona ta tsaya a bakin kanta, ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Maƙwabci, roƙo na zo yi. Ban ce laifinka ba ne. Amma don girman Allah, ko guntu kar ka sake miƙa masa. Ko ya yi maka kuka."

Na rantse mata. Na kwashe kwalayen daga inda ido ke gani na tura su can ƙarƙashin kanta, bayan buhun gishiri.

Sati shida ya yi a gida. Ranar da ya dawo rumfa sai ka ce an naɗa shi sarauta, masu babur suna ta danna oda, mai shayi ya kawo masa kofi ba sukari yana ba shi haƙuri. An yi yarjejeniya cewa duk mai babbar taya shi zai ɗaga abarsa ya banƙare, mutumina faci kawai zai yi. Babbar cikin 'yan biyunsa ta sayo masa agogon hannu mai ƙara. Mun ma yi bincike irin na masana: na sa wani mai shan sigari ya zuƙi kara ɗaya a gabana ina kallon agogo, minti bakwai ya ci. Muka ce shi ke nan, an gama, kara ɗaya minti bakwai ne.

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu aka tashi da iska, ya ƙona tiyub uku kafin azahar. Rana ta huɗu aka kwana ana ruwa, garin ya yi laima, duk facin da ya yi ya ɓare, har wani mai babur ya dawo yana turo abinsa yana surfa ruwan masifa. Kara Ɗaya ya cire agogon ya ajiye min a kan kanta kamar mataccen ɓera.

"Wannan abin bai san gari ba," ya ce. "Ka gane? In iska tana kaɗawa, wutar fistin takan yi ƙarfi, faci ya nuna da wuri. To iskar nan ita ce kuma take cin sigarin da wuri. In gari ya yi laima, wuta ta yi sanyi, sigarin ma ta yi nawa. Tare suke tafiya! Shi kuwa wannan, ko ana ruwa ko ana rana, bakwai ɗinsa bakwai ne."

Na daɗe ban ji magana mai ma'ana da ban haushi irin wannan ba. Abin da ya kusa kai shi kabari ya fi agogon kanti iya aiki.

Sai aka shiga dabaru. Tunda na hana shi, ya roƙi kara ɗaya a wurin wani mai mota, ya kunna ya ajiye a kan dutse ta ci da kanta. Ashe sigarin da ba baki a jikinta ba ta sauri. Kafin ta kai rabi tiyub ɗin mutane ya zama gawayi. Ya ce to, bakin ne babu, a nemo baki. Ya kira wani kwandasta ya ce ya sha masa kara ɗaya a tsanake. Bawan Allah nan ya yi mata zuƙa huɗu irin ta mai jin yunwa, ta ƙare, faci ya fito ɗanye sharaf. Kara Ɗaya ya bi shi da magagari yana cewa, "Sha na ce ka yi, ba haɗiya ba!" Ni kam ina riƙe da ciki a ƙofar shago.

Dariyar ba ta kwana ba. Da sassafe Maman 'Yan Biyu ta ɓullo ta bayan shago, idonta ja.

"Maƙwabci, faɗa min gaskiya. Ya koma?"

Na ce wallahi bai koma ba, na ba ta labarin kwandasta. Ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta rage murya. "Kullum in ya dawo nakan karɓi rigarsa in ce zan jiƙa. Sai na shiga ɗaki in shinshina. Jiya na ji warin sigari, ban runtsa ba. Kar ka faɗa masa, zai ce ban yarda da shi ba."

Abin da ya fi ba shi wuya ba safiya ba ce, ba kuma bayan cin abinci ba. Lokacin ƙyasta ashanar nan ne. Yana kunna fistin sai hannun ya taso da kansa ya nufi baki, ya tarar ba komai, ya tsaya a iska. Wata rana ya kunna wutar, ya dubi hannun, sai kawai ya ce, "Mai shago, duba min wutar nan," ya juya ya bi titi da sauri kamar wanda aka aika. Ya je har famfon da ke mararraba ya taɓa shi ya dawo yana haki. Ya kife wuta, ya kwance matsi. Faci ya kama ram!

Ihun da ya yi sai da tantabarun kan rufi suka watse. "Famfo! Famfo ne kara ɗaya!"

Daga ranar titinmu ya samu abin kallo: mai facin da ke kunna wuta ya gudu. Tayar babur, zuwa famfo da dawowa. Ƙaramar mota, ya zarce har shagon mai walda. Babbar mota, sai ya dangana da gidan mai ya zagayo ta bayan makaranta. A rana yakan yi faci goma sha biyar, wani lokaci ashirin, kuma kowanne da tafiyarsa. Baƙon da bai san zancen ba sai ya miƙe a firgice ya ce, "Ina mai facin zai je?" Mu kuma mu ce, "Zauna, agogo ya tafi dubawa."

Jama'a, tumbin nan ya fara zubewa muna kallo! Wata na farko ya ƙara huji a bel ɗinsa da ƙusa. Wata na biyu ya ƙara biyu. A na uku bel ɗin ya gaji, ya yanko siririn tiyub ya ɗaure wando da shi, ya ce wannan shi ne bel mai bin mai shi duk inda ya je. Maman 'Yan Biyu ta ɗauke masa soye-soye, ta koma kawo masa abincin rana da kanta a 'yar kula, dafaffe, ganye ya fi yawa, mai da gishiri sai ka yi bincike. Da farko yakan buɗe ya dube ni ya ce, "Ka ga abincin zomo." Daga baya har suɗe hannu yake yi. Ranar da ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa ba tare da ya nemi abin dafawa ba, sai da ya kira ni in zo in gani, ya kwance ya sake ɗaurewa. A wata na biyar ya dawo daga asibiti yana ɗaga takarda tun daga nesa.

"Casa'in da takwas! Mai shago, na fita daga ɗari! Likita ta ce in hau bene in gani, na hau hawa uku ban tsaya ba, har ta tafa min!"

Na yi murna har cikin raina. Sai dai ya zama mai ƙorafi. Yau ya ce kwatar gaban shagona tana wari, kwatar da ya shekara ashirin da shida yana cin abinci a bakinta. Gobe ya ce na sauya sabulun da nake sayarwa, ƙanshinsa yana hawa masa kai. Na ce sabulun nan tun kafin a haifi 'yan biyu shi ne. Na ɗauka duk cikin ƙaiƙayin rashin sigari ne, na ƙyale shi.

Amma akwai abin da takardar asibiti ba ta rubuta ba. Ƙafa ma ba ta san gari ba. Ta fi agogo dama-dama, ƙananan faci sukan kama, amma na manyan motoci sai a hankali. Cikin wata biyu tayar Dogo ta sace sau uku a kan hanya, da kaya a bayansa, kuma duk a kan facin mutumina. Direbobin da ke layi a rumfarsa suka fara zarcewa wurin mai gam na tsallaken titi, suna ɗaga masa hannu daga nesa cikin kunya. Shi kuma ya ɗaga musu, sannan ya zauna ya ƙura wa fistin ido.

"Na samu numfashi, na rasa suna," ya ce da ni wata rana. "Mai shago, in ba facin nan, ni wane ne a titin nan? Wani ƙato ne kawai da ya rame."

Abin ya tsaya min a rai.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, an yi yayyafi da safe, sannan iska ta taso tana kaɗawa tana tsayawa, irin ranar da ba agogo ba ƙafa. Wajen sha biyu sai ga Dogo ya gangaro da taya, ya banƙare ta da kansa, ya zaro tiyub ya ajiye a gabansa.

"Maigida," ya ce, "ba don kunyarka ba da ban zo ba. Mai motar ya ce in ta sake sacewa a kan facinka, in ajiye masa makulli. Ina da iyali. Wannan ne na ƙarshe, ka yi min shi irin na da."

Kara Ɗaya ya nemo hujin, ya kankare, ya ɗora roba, ya ɗaure matsi, ya zuba kananzir. Sannan ya miƙe ya nufo shagona, ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa, ya miƙo hannu.

"Kara uku."

"Babu."

"Suna bayan buhun gishiri. Ina jin warinsu tun daga rumfa."

"Na rantse wa Maman 'Yan Biyu."

"Yau kaɗai, mai shago. Ba zan haɗiye hayaƙin ba. Aikin mutum ne a hannuna."

"Ko za ka fasa shagon nan, ba zan ba ka ba," na ce. "Na ɗauke ka sau ɗaya zuwa asibiti. Ba zan sake ba."

Ya dube ni kamar bai taɓa sanina ba, ya juya. Dogo, wanda da bakinsa ya daka min tsawa ranar Talatar nan, ya tsaya yana susar ƙeya. Sannan ya laluba aljihu a hankali ya zaro kwalinsa, kansa a ƙasa. Ban ga laifinsa sosai ba, amma na so in shaƙe shi.

Mutumina ya zari kara ɗaya ya maƙala a baki. Ya ƙyasta ashana, ya kunna fistin, hannun ya taso kamar yadda ya saba. Na runtse ido ɗaya. Wutar ta zo dab da bakin sigarin ta tsaya. Tana ci, tana ci, yana kallonta, har ta cinye tsinken ta lashi yatsansa. Ya yar. Dogo ya miƙo masa wata ashanar, ya girgiza kai.

"To da me za mu auna?" in ji Dogo. "Ko za ka tafi gidan man?"

Bai tafi ba. Ya durƙusa a gaban matsin, sigarin da ba wuta tana lilo a leɓensa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. A lokacin ne na tuna cewa wata biyar ke nan bai taɓa tsayawa kusa da wutar nan tana ci ba. Kullum yana kunnawa yake guduwa.

Muka zuba masa ido. Iska ta kaɗa, ta tsaya, ta sake kaɗawa. Can sai na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗan matsa. Ya ja iska, ya saki, ya sake ja.

"Mai shago," ya ce a hankali, "kana ji?"

"Me?"

"Ɗazu warin kananzir ne da wani tsami-tsami. Yanzu tsamin yana tafiya." Ya rufe ido. "Tsaya. Tsaya. Ga wani yana zuwa, kamar gefen burodi in ya fara ja." Sai ya zabura. "Ya nuna! Wallahi ya nuna!"

"Haba Maigida, ko kara biyu ba a yi ba!" in ji Dogo.

Ina! Ya riga ya kife wutar. Ya kwance matsi, ya watsa ruwa, ya ɗaga tiyub ɗin sama. Facin ya kwanta sumul, baƙi wuluk, ba ka gane inda ya fara da inda ya ƙare. Aka hura, aka tsoma a baho. Mu wajen goma muka kewaye bahon nan muna leƙe, har da mai gam na tsallake. Ko kumfa ɗaya ba ta taso ba. Dogo ya sa farce, ya sa filaya ya ja gefen da ƙarfinsa duka, tiyub ɗin ya miƙe kamar zai tsinke, faci ko gezau.

Wurin ya kaure! Masu babur suka hau danna oda, mai shayi yana buga cokali a jikin tukunya, Dogo ya rungume shi ya ɗaga shi sama, abin da mu huɗu muka yi da ƙyar wata shida da suka wuce. Shi kuwa dariya yake yi hawaye yana zuba.

"Tsoho ba burga yake yi ba! Ba kallo yake yi ba, shinshinawa yake yi! Allah ya jiƙan Tsoho, ni ne na toshe hancina tun ina saurayi, na zo ina ce masa maƙaryaci!"

Ana cikin haka na ji wani abu ya faɗi a bayana. Na waiga. Maman 'Yan Biyu ce, kular abinci tana ƙasa, murfin yana gangarawa kwata. Ba facin take kallo ba, bakinsa take kallo. Cikin murna mutumina ya manta sigarin tana nan maƙale a leɓensa.

Hayaniyar ta mutu. Ta tako a hankali har gabansa, ta sa yatsu biyu ta zare ta, ta juya bakin ta duba. Fari fat, ko alamar wuta babu. Ta dube ni, na gyaɗa mata kai da ƙarfi har wuyana ya amsa.

Kara Ɗaya ya kamo wuyan rigarsa ya miƙa mata. "Shinshina a nan, ba sai kin kai ta ɗaki ba."

Ta zaro ido, ta juyo kaina. Na ɗaga hannu biyu na ce wallahi ba ni ba ne.

"Ba wanda ya faɗa min," ya ce. "In na karɓi rigar da safe nakan tarar ko jiƙa ta ba ki yi ba, in ji ƙanshinki a wuyanta, daidai inda kika sa fuska. Wannan sabon turaren da kika fara sawa tun da na fito asibiti. Ina so in ce miki yana da daɗi, kunya ta hana ni."

Maman 'Yan Biyu ta dube shi. Sannan ta karya sigarin gida biyu ta jefa a bahon ruwa, ta goge ido da gefen mayafi.

"Sabo?" ta ce. "Baban 'Yan Biyu, shi na sa ranar da aka kawo ni gidanka. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa sauya shi ba."